Makullin Sito a Watan Azumi

Maganar da na ɗauko yau ta cikin gida ce, ta kicin da sito, kuma na san wasu za su ji haushina, to amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar ita ce wannan ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wato da zarar an ga wata an ce gobe azumi, sai uwargida ta kafa doka cewa daga ketowar alfijir har faɗuwar rana babu mahalukin da zai kai loma bakinsa a gidanta, ko wane ne shi, ko wane addini yake bi, ko shekarunsa nawa. Ta kulle sito, ta ƙulle makullin a bakin zani, ta shige ɗaki ta miƙe ƙarƙashin fanka. Yarinyar da ke tsakar gida tana kankare tukwanen sahur kuwa, oho, ita ta sani.

Ni a Abakwa na tashi kuma a nan nake aure, unguwar da a takarda ake rubutawa Abakpa, maƙwabciyar Unguwar Shanu da tsohuwar makarantar horon hafsoshin soja. Duk wanda ya san ta ya san tun asali unguwar haɗaka ce saboda kusancinta da bariki, don soja daga ko'ina yake zuwa, ya zo da matarsa da yarensa da irin miyarsu. Ina 'yar firamare aka yi rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000, aka sake a watan Mayu, sannan na gasar sarauniyar kyau ya biyo baya a Nuwamban 2002. Daga nan Kaduna ta rabe gida biyu. Kiristoci da yawa suka kwashe suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka yo arewa, su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, har samari suka laƙaba wa wannan ɓangare Makka, wancan kuma Urushalima. Sai dai neman abinci bai san gada ba. Masaƙar KTL ta Kakuri da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi sahunta ɗaya bayan ɗaya, iyaye maza dubbai suka zauna babu aiki, to wa zai fita nema in ba mata da 'ya'ya mata ba? Shi ya sa har gobe in kin shiga gidajen masu hali a wajenmu za ki tarar da yarinya daga Kakuri, ko daga can Kachia ko Zonkwa ko Kafanchan, tana shara da wanke-wanke, ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta tafi coci. Ban da su kuma ga namu 'yan ƙauye, Musulmi, ƙanana ƙwarai, waɗanda dillaliya ke kwasowa daga wajen Giwa da Soba da Ikara.

To ke 'yar'uwa, tsaya mu lissafa yinin irin wannan yarinya a watan azumi, tunda mu mata mun fi kowa sanin aikin watan nan ninki biyu ne. Ƙarfe 3 na dare an tashe ta ɗumamen tuwo da dafa ruwan shayi. An gama sahur kowa ya yi sallah ya koma barci, ita kuma ta hau wanke-wanke. Gari ya waye ga shara, ga wankin kayan yara, ga raka su makaranta. Kafin azahar an jiƙa wake, ta surfa ta wanke ta ɗauki bokiti ta tafi inji. Ta dawo ga gyaran kayan miya, ga firar doya da dankali, ga tsamiya a jiƙe tana jiran a dama kunu, ga zoɓo, ga kankana. Daga la'asar har magariba tana tsugune gaban kasko tana suyar ƙosai, hayaƙi na shiga mata ido, mai na fallatsar mata hannu. A shekarun da azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, yinin ya haura awa 13, ga zafin Kaduna na bazara da kowa ya sani. Duk wannan aiki a kan me take yin sa? A kan ragowar tuwon da ta samu ƙarfe 4 na asuba, in ma an tuna da ita. Hausawa suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma mu mun ce a ja mana na rijiya ciki babu komai.

Na sha tayar da zancen nan a gidan biki da gidan suna, kuma amsoshin da nake samu ba su cika canzawa ba. Wata ta ce, "Haba Anti, gidana fa gidan Musulunci ne, ta yaya za a ɗora tukunya da rana tsaka a Ramadan?" Wata ta ce ai lada take nema wa yarinyar, ko Allah Ya sa ta ga hasken addini. Wata kuma, ita ce ma na fi yaba wa don ta faɗi gaskiyar cikinta, ta ce wallahi ba za ta iya jure ganin mutum yana tauna a gabanta ita tana fama da ƙishirwa ba.

Bari mu fara da mai neman lada. Duk wadda ta zauna gaban malama a Islamiyya ko da shekara guda ce ta san azumi yana da sharuɗɗa, kuma na farkonsu shi ne Musulunci, sannan niyya kafin alfijir. Wadda ba ta yi imani da farillar ba, ba ta ɗaura niyya ba, kika hana ta ci daga safe har yamma, me ta yi ke nan? Ba azumi ta yi ba, yunwa ta sha. Ba a rubuta mata komai ba, ke ma ban ga ta inda za a rubuta miki ba. Aya ta 256 a Suratul Baƙara kowa ya haddace ta, ita ce ta kore tilastawa a sha'anin addini, kuma a surar nan dai, cikin ayoyin da suka wajabta azumin kansa, aka ɗauke wa marar lafiya da matafiyi, aka nuna sauƙi ake nufi da mu ba tsanani ba. Ubangijin da Ya yi azumin Ya bar ƙofofi a buɗe ga Musulmi baligi, ke kuma kin zo kin sa kwaɗo ga wadda ba a ma yi kiran da ita ba. Batun ganin hasken addini kuwa, don Allah ki sa kanki a matsayinta. Yarinyar nan za ta koma garinsu wata rana, za ta yi aure ta haifi 'ya'ya, kuma duk abin da za ta faɗa musu game da Musulmi daga tsakar gidanki ta ɗauke shi. Ba ta taɓa zuwa tafsiri ba, ba ta san Buhari ba, ke ce littafin da ta karanta. In abin da ta riƙe shi ne watan azumi watan da ake kulle abinci ne, to kin yi wa'azi, amma ba irin wanda kike zato ba.

Na ƙananan yaran namu Musulmi ma ya fi ci mini rai. Yarinya 'yar shekara 9 ko 10, ko ƙirgen dangi ba ta fara ba, a ce sai ta kai talatin cif, wai a gidan nan ba a shan azumi. Alhali littafin Risala da malamanmu na Malikiyya ke karantarwa a kowane zaure ya fayyace cewa azumi ba ya hawa kan yaro sai ya balaga, yarinya kuma sai ta ga al'ada. Koya wa yaro azumi abu ne mai kyau, duk da haka aka yi mana, a yi rabin yini, a yi ɗaya a huta ɗaya, ana lallashi ana alkawarin ƙwai da tsire. Amma dubi bambancin. 'Yar gida mai shekara 10 in ta ɗauki azumi kwanciya take a kan kujera, ana yi mata fifita ana cewa sannu, da ta ce wash sai uwar ta ce je ki sha ruwa, Allah Ya karɓa. Sa'arta 'yar aiki kuwa ita ce a layin inji da bokitin wake a ka. Azumi ɗaya, gida ɗaya, shekaru ɗaya. In tarbiyya ce, me ya sa ta 'yar wani ta fi ta 'yarki tsauri?

Akwai kuma wani abu da mu mata muka sani, maza ba su cika lura ba, kuma tunda littafin nan namu ne bari in faɗe shi. Kowace mace da ba ta manyanta ba tana da kwanakinta a cikin watan nan da ba ta sallah ba ta azumi. A kwanakin me muke yi? Mukan shiga ɗaki mu turo ƙofa, mu haɗa shayi mai kauri, mu ci ragowar ƙosan jiya, mu goge baki mu fito muna lanƙwasa kamar kowa don kada yara su gane. Babu laifi a ciki, sauƙi ne Allah Ya yi mana. Mai ciki da mai shayarwa da suka ji tsoron cutuwa su ma an ba su dama su sha. To ashe ana cin abinci da rana a gidan Musulunci, rufin gidan bai faɗo ba. Ashe makullin nan yana buɗewa in cikin uwargida ne ya yi kira. Kuma 'yar aiki Musulma baliga ita ma mace ce, tana da nata kwanakin, amma kunya da tsoro ba za su bar ta ta tunkari Hajiya ta ce yau ba na azumi ba, sai ta yini da yunwar da ko Allah bai ɗora mata ba. Sau nawa uwargida ta taɓa jan ta gefe ta tambaye ta? Laifi tudu ne.

Kada a ce na ɓoye wani abu, na san akwai malaman da suka ce bai kamata Musulmi ya ɗauki abinci da hannunsa ya miƙa wa baligi mai lafiya da rana a Ramadan ba, ko da ba Musulmi ba ne, wasu malaman kuma suka ce babu komai. Wadda ta bi na farko ban ce ta yi laifi ba. Amma tsakanin kada ki miƙa da hannunki da ki kulle sito ki sa ido a kan bakin mutum akwai tafiya mai nisa. Tun da sahur za ki iya cewa ta ɗebi nata ta rufe a kwano, ko ki auna mata garin kwaki da sukari da ƙuli na mako, ko ki ba ta kuɗin abincin rana ta san yadda za ta yi. Ko Hisbar Kano, wadda ake ganin ta fi kowa zafi a wannan fanni, ba ta kai inda wasunmu suka kai ba. A watan Maris na 2024 ta kama mutum 11 suna cin abinci da rana, maza 10 da mace guda mai sayar da gyaɗa, dukkansu Musulmi, ta sake su bayan sun yi rantsuwar ba za su ƙara ba, kuma kakakinta ya fito ya ce su ba sa kama wanda ba Musulmi ba don abin bai shafe shi ba, sai fa in yana dafawa yana sayar wa Musulmi. Ko kina goyon bayan kamen ko ba kya goyon baya, wannan zance ne na wata rana. Abin lura shi ne hukuma mai kaki da mota da doka a bayanta ta san iyakarta, amma Hajiya mai makulli a bakin zani ba ta san tata ba.

Kuma wai ma abincin nan kyauta ne? Ranar da dillaliya ta kawo yarinya, me aka yi ciniki a kai? Ci da sha da wurin kwana da sabulu, sannan ɗan abin da za a ba iyayenta a ƙarshen wata. Kowa ya san dalilin da ya sa kuɗin bai taka kara ya karya ba shi ne an ce ai a gidan take ci. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Yulin 2024 bai taɓa leƙo tsakar gidajenmu ba, kuma ba ya da niyya. Ke nan tuwon nan da shayin safe rabin ladan aikinta ne. In kin ɗauke mata karin kumallo da abincin rana na kwana 29 ko 30, kin yanke mata albashi ne a watan da aikinta ya ninka, kuma kin yi hakan da sunan ibada. Ni fa wani lokaci har zargi nake, Allah Ya yafe mini, anya ba tsimin shinkafa ne aka sa wa hijabi ba? Ga shi kuwa hadisai biyu da ke cikin Buhari, wanda aka karɓo daga Abu Zarri da wanda aka karɓo daga Abu Huraira, sun yi maganar mai hidima ƙarara. Na farko ya hore mu da ciyar da shi irin abin da muke ci, da kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Na biyu ya nuna wanda ya sha zafin girki da hayaƙinsa yana da haƙƙi a cikin abincin ko da loma ce. Malamai na karanta su a rediyo kowace shekara, muna ji muna gyaɗa kai, yarinya na bakin murhu.

Ba mu kaɗai ba ne, mazanmu ma suna da nasu. Akwai maigidan da zai tara yaran shagonsa a Kasuwar Sheikh Gumi ya ce duk wanda aka kama da ruwan leda a hannu ya nemi wani wurin, akwai mai gidan burodi da mai gini da ke faɗa wa leburori haka. Direban da likita ya ce masa gyambon cikinsa ko ciwon sukarinsa bai yarda da azumi ba, sai ya ɓuya bayan mota ya haɗiyi magani kamar ɓarawo, don ya san in Alhaji ya gani aikinsa ya tafi. Wannan na bar wa maza su yi wa junansu.

Yanzu bari in juyo da madubin, don a nan ne za ki gane ko maganata gaskiya ce. A 2010 wata kotu a ƙasar Taiwan ta yanke wa mai wani kamfanin ɗinki ɗaurin wata 6 saboda tilasta wa ma'aikata 3 Musulmi, mata 'yan Indonesiya, cin naman alade. A 2012 hukumar wani gari a gefen birnin Paris na Faransa ta dakatar da matasa Musulmi 4 masu kula da yara a sansanin hutu don kawai suna azumi, sai da aka yi mata ca sannan ta janye. A yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, a 2014, ofisoshin gwamnati da makarantu sun fitar da sanarwar hana ma'aikata da malamai da ɗalibai azumi. Ya kika ji a ranki da kika karanta? Na san kin ce innalillahi, kin ce zalunci ne, kuma zaluncin ne. Ba sai mun je nesa ba ma, 'ya'yanmu da ke aikatau a gidajen da ba na Musulmi ba, a tsallaken kogi ko a Abuja ko Ikko, wata madam ɗin cewa take ba ta son azumin nan don yana sa yarinya kasala, wata kuma ta zuba mata miya ba za ta faɗa mata naman mene ne a ciki ba. In labari ya zo mana sai mu yi ta Allah wadai, kuma ya cancanta. To mene ne ainihin laifin waɗancan? Laifinsu shi ne sun ga bawan Allah yana neman abinci a hannunsu, ba ya iya cewa a'a, sai suka bi ta bakinsa suka taka masa addini. Wanda ya ɗura wa mai azumi ruwa da wanda ya ƙwace ruwa daga hannun marar azumi, dukkansu igiya ɗaya suka riƙe, wato in ba ka bi ba ka bar aikin.

Wata za ta ce to shi ke nan ba ni da iko da gidana? Kina da shi mana. Ni kaina ba za a shigo mini da alade ko burkutu ba, ba za a dafa abin da ba a yanka ba a tukunyata, kuma wannan tun ranar farko nake faɗa a gaban wadda ta kawo yarinya, in an yarda a zauna, in ba a yarda ba a rabu lafiya. Haka nan in na ce kada a zauna tsakar gida ana tauna a gaban masu azumi, a shiga daga ciki, wannan ladabi ne, kuma ban taɓa ganin wadda ta ƙi ba, su ma suna da kunya suna da iyaye. Tukunyata tawa ce, tsakar gidana nawa ne. Amma cikinta nata ne, ban saye shi da albashi ba. Abin da ta ci a garinsu ranar Kirsimeti ba huruminmu ba ne, balle a ce don ta dawo daga Kafanchan sai an ware mata kofi da cokali kamar mai kuturta, wai ba a san me ta ci ba. Wannan ƙyama ce kawai, kada a jingina wa addini, addinin da aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin ma'abota littafi.

Kuma mu nawa ne muka san su ma suna da nasu azumin? Kwana 40 ne kafin Ista, kuma 'yan Katolika ba sa cin nama ranar da suke kira Larabar Toka da kowace Juma'a ta cikinsa. A 2025 mun ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, su kuma suka fara nasu ranar 5, kusan tare muka yi ta tafiya. Na ji wata tana ƙorafin 'yar aikinta ta cika iyayi, wai an ba ta farfesu ranar Juma'a ta tsame naman ta ajiye gefe. Da na ce mata ai ibada take yi, sai ta saki baki tana kallona. Shekara biyu suna gida ɗaya.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin addininsa, kuma dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Amma wace yarinya ce za ta bar wanke-wanke ta tafi kotu? Ko kuɗin Keke Napep ba ta da shi, kuma ta san in ta buɗe baki gobe an haɗa mata kayanta a leda, ga uwarta can tana jiran kuɗin wata. Babu alƙali a kicin sai uwargida.

Azumin da ya wuce wata maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta da gudu wajen la'asar, wai in zo 'yar aikinsu ta faɗi. Na zari hijabi na shiga, na tarar da yarinya kwance gefen murhu, kasko na ta hayaƙi, Allah Ya kiyaye ba cikin man ta faɗa ba. Ba za ta wuce shekara 14 ba, da ɗan gicciyen roba a wuyanta. Aka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido. Na ce a kawo ruwan sanyi da sukari, uwargidan ta tsaya tana duban agogon bango.

Ta ce, "Maman yara, saura fa awa biyu a sha ruwa."

Na ce, "Hajiya, wa zai sha ruwan? Ita azumi take?"

Ta ce, "A gidan nan kowa yana yi. Kwana 17 ke nan tana yi lafiya lau, yau ne dai shaiɗan ya shiga."

Na tallafo kan yarinyar na kafa mata kofi, amma ta datse haƙora tana kallon Hajiya, ba ta haɗiya ba sai da Hajiya ta ce to sha mana, kin tara mini jama'a. Da ta ɗan dawo hayyacinta na tambaye ta a hankali me ta ci da asuba. Ta ce, "Mama, ban samu ba, tuwon bai ragu ba." Hajiya ta ce ƙarya take, ai ga shayi nan ta ba ta.

Da daddare bayan asham na koma muka zauna, na faɗa mata kusan duk abin da na rubuta a nan, ta saurare ni don muna mutunci, ta ce za ta tambayi malaminsu. Ana saura kwana 6 sallah wani yayan yarinyar ya zo daga Kakuri ya tafi da ita. Atamfar sallar da aka yanka mata tana wajen tela ba a karɓo ba, kuma har yau in zancen ya taso Hajiya cewa take yaran nan ba su da godiya, ka ɗinka musu kaya su gudu. Bayan sallah da mako biyu dillaliya ta kawo mata wata daga wani ƙauye a wajen Giwa, Musulma, ba ta kai waccan tsawo ba. Hajiya ta ce gara wannan, ba sai an yi ta dogon bayani ba.